Yadda Za Ka Auna Bayanin Kayan Aiki Kafin Ka Damƙa wa Ɗan Aiken AI Kundin Shago

Wata Asabar da hantsi, wata mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Mamobi ta turo saƙo zuwa lambar WhatsApp ta shagon kawuna da ke unguwar Nima a Akra: "Alhaji na turo miliyan biyu ta MoMo, a cire min a bashina." MoMo ita ce hanyar tura kuɗi ta waya. Ba kawu ne ke amsa wannan lambar ba. Wata manhaja ce da na haɗa masa, ɗan aike mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wanda ke karanta saƙo, ya leƙa kundin shago, ya rubuta abin da ya kamata. Ɗan aiken ya rubuta cewa matar ta biya sidi 2,000,000. Kafin la'asar kundi ya nuna ita ce ke bin shago kuɗin da ya fi ƙarfin duk shinkafa da man da ke sito.

Duk wanda ya tashi a Gana ya san inda aka samu matsala. A watan Yulin 2007 Babban Bankin Gana ya sauya kuɗi, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa guda. Takarda ta sauya, bakin kasuwa bai sauya ba. Har gobe iyayenmu mata in sun ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi. Sidi 200 matar ta turo.

Da na je shago, kawu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, me ka gaya masa a kan kuɗi?" Na buɗe kwamfuta na karanta masa bayanin da na rubuta wa ɗan aiken a kan gurbin da ake sa kuɗi: "adadin kuɗi". Kalmomi biyu. Ya ce, "To, da yaro na ɗauko daga Tawa ta Nijar jiya na zaunar da shi a nan, na ce masa rubuta adadin kuɗi, ya rubuta abin da kunnensa ya ji, wa za a tuhuma?"

Tun daga ranar na daina auna bayanin kayan aiki, wato ƙananan ayyukan da manhaja ke yi wa ɗan aike kamar duba bashi ko rubuta biya, da yadda yake daɗin karantawa. Da aikin da ɗan aike ya yi bayan ya karanta shi nake auna shi, kuma ga yadda nake bi.

Fara da ganin abin da shi yake gani

Injin harshe irin su Claude, GPT ko Gemini, wanda shi ne ƙwaƙwalwar ɗan aiken, ba ya taɓa kundinka da hannunsa. Kai ne kake ba shi jerin kayan aiki, kowanne da abubuwa uku: suna, bayani cikin zance na yau da kullum, da tsarin guraben da za a cike, wanda ake rubutawa da wani salon rubutun kwamfuta mai suna JSON Schema. In saƙo ya zo, injin ya zaɓi kayan aiki, ya cike gurabe, ya miƙo maka buƙata; manhajarka ce ke aiwatarwa ta mayar masa da sakamako. Haka tsarin yake tun da OpenAI ta fito da shi a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar jona kayan aiki da injin harshe da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Lambobin manhajar, wato code, da ka kwana kana rubutawa, injin bai gan su ba. Abin da ka sani game da shagon da masu zuwa shagon, bai sani ba. Baƙo ne, baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne.

Don haka mataki na farko shi ne ka fitar da ainihin jerin da ake tura wa injin, ba wanda ke cikin kanka ba. Sau da yawa tarin lambobin da wasu suka riga suka rubuta (library) da kake amfani da shi shi ke harhaɗa bayanin daga sharhin da ka bari a cikin lambobi, wani lokaci ya yanke rabinsa. Buga shi a takarda. Ka nemi mutum mai hankali wanda bai san shagon ba, ƙanwarka da ke karatu a jami'ar Legon ko wani abokin sana'a, ka ba shi takardar ba tare da ƙarin bayani ba. Kan kowane kayan aiki ka tambaye shi: me yake yi, yaushe za a kira shi, yaushe ba za a kira shi ba, me ake sa wa a kowane gurbi, me zai dawo da shi. Duk inda ya ɗago kai ya ce "kana nufin...?", yi alama da jan biro. Mutum yana iya ɗago kai ya tambaya. Injin sau da yawa cike giɓin yake da zato, ya wuce.

Wannan gwajin ba ya cin ko pesewa, ƙaramin kuɗin da ɗarinsa ke yin sidi ɗaya, kuma shi ke kama manyan ramuka. Amma bai isa hukunci ba.

Tara maganar mutane ta gaskiya

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin ha'inci. Mai haɗa manhaja yakan zauna ya ƙirƙiro saƙonnin gwaji da kansa, su fito tsaf kamar wasiƙar neman aiki: "Ina so in san nawa ne bashina." Babu mai rubuta haka a Nima. Abin da ke shigowa wayar kawu shi ne "Alhaji nawa ya rage", ko Hausa da Twi da Turancin kasuwa a jimla guda, ko saƙon murya da aka juya rubutu ya fito a karkace. Wani ya rubuta kuɗi, wani kudi, wani kud'i.

Ka nemi izinin mai shago, ka kwafo saƙonni na gaske arba'in zuwa hamsin. Goge sunaye da lambobin waya ka sa na bogi. Amanar mutane ce, kuma dokar kare bayanai ta Gana, Doka ta 843 ta shekarar 2012, ta hau kanka. Wajen zaɓe kada ka ɗebi masu sauƙi kawai. A samu waɗanda kayan aiki ɗaya ke warwarewa, da waɗanda sai an bi biyu ko uku a jere, kamar a duba ko akwai kaya, a rubuta oda, a kira mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. A samu waɗanda ke da giɓi, irin "a kawo min irin na ran nan", inda daidai shi ne ɗan aike ya tambaya. A samu kuma waɗanda ba sa buƙatar kayan aiki ko ɗaya: gaisuwar Juma'a, ta'aziyya, mai tambayar ko Alhaji ya dawo daga tafiya. Waɗannan na ƙarshe mutane kan manta da su, alhali ɗan aiken da ke rubuta oda duk lokacin da aka ambaci shinkafa ya fi wanda ba ya komai haɗari.

Sai abu mafi muhimmanci: gaban kowane saƙo ka rubuta amsar da ta dace tun kafin ka gwada. Wane kayan aiki, da waɗanne ƙimomi, ko kuwa tambaya, ko shiru. In ka bari sai ka ga abin da injin ya yi sannan ka yanke hukunci, zuciyarka za ta riƙa yi masa uzuri. Ni da kawu muka zauna bayan isha'i muka yi wannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A nan na gano akwai saƙonnin da ni kaina ban san amsarsu ba. Wanda ya ce "a ba ni olonka biyar na wake", shin shagon sari yana sayar da olonka, wato gwangwanin awo, ko sai buhu? Kawu ya ce ga tsofaffin abokan ciniki ana yi, ga baƙo ba a yi. Wannan ƙa'ida ba ta cikin kowane bayani, a kan kawu kaɗai take.

Kafin ka ci gaba, ware kashi ɗaya cikin huɗu na saƙonnin ka ajiye gefe. Kada ka duba su lokacin gyara. Za su yi amfani a gaba.

Gwada a kundin bogi, kuma ba sau ɗaya ba

Yi kwafin kundin, ka sa kayan aikin da ke taɓa kuɗi su riƙa rubutu a kwafin kawai. Tura kowane saƙo, ka adana duk sawun: abin da injin ya kira, abin da ya cike, abin da aka mayar masa, abin da ya faɗa wa mai saƙo. Maki huɗu nake bayarwa, kowanne eh ko a'a. Ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Ya cike gurabe daidai? Ya dakata inda ya kamata ya dakata? Kundi ya ƙare a yadda ake so? Na huɗun shi ne alƙali, domin ɗan aike na iya bin wata hanya dabam da wadda ka zata ya kuma isa daidai, yana kuma iya yin magana mai daɗi alhali kundi ya lalace.

Kowane saƙo a maimaita shi aƙalla sau biyar. Injin harshe ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma lissafin yana da ban tsoro in ka zauna ka yi shi. A ce ɗan aike yana dacewa sau 9 cikin 10 a kan wani saƙo. Damar ya dace sau biyar a jere ita ce 0.9 sau kanta har biyar, wato kusan kashi 59 cikin 100. Mai waakye da ke turo biya kowace rana za ta gamu da kuskuren kafin wata ya ƙare. Ma'aunin τ-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 a kan wannan tunanin ya ginu: ba ko an taɓa dacewa ba, a'a, ko ana dacewa duk lokacin da aka maimaita. Akwai kuma allon gasar da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suke gudanarwa kan kiran kayan aiki. Yana da amfani wajen zaɓen injin, amma injuna yake aunawa, ba bayaninka ba. Babu allon da ya san olonka.

Karanta sawun, ka raba laifi

Maki zai gaya maka akwai ciwo, ba zai gaya maka inda yake ba. Sai ka karanta sawun waɗanda suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Na saba zana ɗan jadawali: a gefe kayan aikin da ya kamata a kira, a sama wanda aka kira. Inda lambobi suka taru a wajen layin tsakiya, nan kayan aiki biyu ke shiga gonar juna. A wurina duba_bashi da tarihin_ciniki ne. Na farko na ce "yana nuna asusun abokin ciniki", na biyu na ce "yana nuna cinikin abokin ciniki". Ni na san bambancinsu, takarda ba ta nuna ba. Maganinsa shi ne kowanne ya ambaci ɗan'uwansa: "In ana son ragowar bashi kawai, a yi amfani da duba_bashi; wannan na jerin abin da aka saya ne da ranakunsa." Wani lokaci kuma maganin shi ne a haɗe su su zama ɗaya.

Ba kowane kuskure ne laifin bayani ba, kuma akwai gwaji uku da ke rarrabewa. Na ɗaya, goge bayanin gaba ɗaya ka bar suna da gurabe, ka sake gwadawa. In maki bai motsa ba, bayaninka ba ya aikin komai, suna ne ke ɗauke da kayan. Na biyu, bar bayanin ka sauya sunan zuwa wani abu marar ma'ana kamar kaya_3. In maki ya rushe, bayanin bai iya tsayuwa da ƙafarsa ba. Na uku, juya jerin kayan aikin, na ƙarshe ya dawo farko, ka kuma ƙara wasu biyu masu kama da shi. Bayani mai ƙarfi ba ya damuwa da maƙwabta. In duk ka yi wannan, bayani ya fito sarai, mutum baƙo ya gane shi, injin kuma ya ci gaba da faɗuwa, to ka gwada wani injin. Mai yiwuwa nauyin ya fi ƙarfin wannan.

Guraben da ƙasar nan ke da tarko a cikinsu

Yawancin faɗuwar da na gani ba a zaɓen kayan aiki take ba, a cike gurabe take. Kuɗi shi ne na farko. Wasu ƙofofin biyan kuɗi, irin Paystack, da pesewa suke karɓar adadi, don haka sidi 200 ana rubuta ta 20000. Ga sidi, ga pesewa, ga miliyan ta bakin kasuwa: ma'auni uku a gurbi ɗaya. In bayani bai faɗi wanne ba, kuskuren ninki ɗari ne ko ninki dubu goma.

Lambar waya: da sifili a gaba mai lamba goma, ko da 233, lambar ƙasar Gana? Kuma kada ka bar ɗan aike ya yanke cewa duk 024 MTN ce, domin tun 2011 ana iya ƙaura da lamba daga wani layi zuwa wani a Gana. Kwanan wata: 03/04 a nan uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris, ka tilasta tsarin shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03. Lokaci: Akra na kan GMT, Kano da Yamai suna gabanmu da awa ɗaya, kuma direban da ke tahowa da albasa daga Nijar yana iya faɗin lokaci da agogon gida. Adireshi kuwa, "a kai Zongo" ba adireshi ba ne. Sabon Zongo ko Zongon Madina? In kana karɓar lambar adireshi ta GhanaPost GPS, ka nuna siffarta a bayani, ka kuma faɗi abin da za a yi in mai saƙo ba shi da ita, domin da yawa da masallaci ko gidan mai suke kwatance.

Ƙa'idar da nake bi a nan: duk abin da tsarin gurabe zai iya tilastawa, kada a bar wa zance. In ma'auni uku ne kawai, buhu da katan da olonka, a jera su a matsayin zaɓi rufaffe. In adadi lamba ce marar ɗigo, a ayyana haka. Abin da kuma zai iya jawo asara, a tsare shi a cikin manhajar kanta. Yanzu kayan aikin rubuta biya yana ƙin duk adadin da ya haura bashin da ake bin mutum, ko me bayani ya ce.

Ga yadda bayanin ya koma bayan gyara: "Yana rubuta biyan da abokin ciniki ya riga ya yi, ya rage shi daga bashinsa. Ba ya tura kuɗi, ba ya karɓa. A kira shi bayan duba_momo ya tabbatar kuɗin sun shigo. Adadi da pesewa ne: sidi 200 ita ce 20000. A bakin kasuwa miliyan ɗaya na nufin sidi 100. In an ji haka, a maimaita wa mai biya adadin da sabuwar sidi, ya amince, sannan a rubuta. Yana dawo da ragowar bashi."

Ana yawan tambayata ko da Hausa za a rubuta ko da Turanci. Suna dai ba zaɓi: yawancin tsare-tsaren haruffan Turanci da lambobi da ɗan layi kawai suke karɓa a suna, ƙ da ɗ da ɓ ba sa shiga. Bayani kuwa, injuna sun fi ƙwarewa a Turanci saboda shi suka fi karantawa, don haka nakan rubuta gangar jikin da Turanci, in saka kalmomin kasuwa yadda ake faɗinsu. Amma kada ka karɓi wannan daga bakina. Rubuta duka biyun, ka gwada a kan saƙonninka, gani ya kori ji.

Amsar da kayan aiki ke mayarwa ita ma bayani ce

Ɗan aike yana karanta abin da aka mayar masa kamar yadda yake karanta bayani, yana kuma gina mataki na gaba a kai. In kayan aiki ya faɗi ya mayar da "kuskure 400", me zai yi da wannan? Zai sake gwadawa a makance ko ya ƙirƙiro labari. Mayar masa da abin da zai iya aiki da shi: "Akwai mutum uku masu wannan suna, tambayi unguwa ko ƙarshen lambar waya." Cikin gwajinka ka saka faɗuwa da gangan. Katse intanet a tsakiyar kira, kamar yadda dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ke yi mana ba sallama, ka ga ko zai sake rubuta biyan sau biyu. In ya yi, bayanin na buƙatar jimlar da ke cewa a duba kundi kafin a maimaita, manhajar kuma na buƙatar lambar shaida ga kowane biya don kada ɗaya ya shiga sau biyu.

Gyara ɗaya, gwaji ɗaya

In ka sauya abubuwa biyar a tare maki ya hau, ba ka san wanne ya yi aiki ba, ba ka kuma san wanne ya ɓata wani abu a ɓoye ba. Sauya ɗaya, sake tura duka saƙonnin, rubuta sakamako da kwanan wata. Ka kula da tsawo: kowane bayani ana tura shi tare da kowane saƙo, kuma da yawan rubutu ake cajin ka. Jimlar da ka cire maki bai sauka ba, ba ta da aiki a wurin. Ka guji cika bayani da manyan haruffa da "DOLE" da "KADA". Injunan yanzu suna iya ɗaukar gargaɗin fiye da kima su riƙa kiran kayan aikin inda bai dace ba. Faɗin dalili ya fi tsawa aiki.

Sai ka ɗauko saƙonnin nan da ka ware. In maki a kansu ya yi kusa da na sauran, gyaranka na gaske ne. In ya faɗi ƙasa sosai, ka koya wa bayanin amsar jarrabawa ne kawai, sai ka koma ka nemi ƙa'idar da ke ƙarƙashin misalan.

Kayan aikin da ba kai ka rubuta ba

Da MCP ya yaɗu, ya zama da sauƙi mutum ya jona kayan aikin wasu a ɗan aikensa cikin minti biyar. Ka tuna duk abin da ke cikin bayaninsu yana shiga kunnen injin kai tsaye. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, injin ya bi, mai amfani bai gani ba domin allonsa taƙaitaccen suna kawai yake nunawa. Saboda haka ka karanta cikakken bayanin kowane baƙon kayan aiki da idonka. In ka ga yana umartar a karanta wani fayil da bai shafi aikinsa ba, ko a ɓoye wa mai amfani wani abu, ko yana tsara yadda za a yi da wasu kayan aikin, cire shi. Alamomin da MCP ya tanada, irin readOnlyHint mai cewa kayan aiki karatu kawai yake yi, iƙirarin mai shi ne, ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su in ba a amince da tushen ba. Ka adana kwafin bayanin ranar da ka amince da shi, manhajarka ta riƙa kwatantawa, ta tsaya in ya sauya.

Jarrabawar nan ba ta ƙarewa ranar da ka ci ta. Duk lokacin da kamfani ya fito da sabon injin, ko ka ƙara kayan aiki, ko kawu ya fara sayar da wani sabon abu, sai a sake tura saƙonnin duka kafin a taɓa wayar shago. Duk saƙon da ya ba ɗan aike wahala a cikin mako, ranar Lahadi nake goge sunan mai shi in ƙara shi a jerin. Na makon jiya daga wani mai shayi ne a Kotobabi, wanda ya rubuta "a kawo sukari rabi", bai ce rabin buhu ko rabin katan ba, kuma shagon yana sayar da duka biyun.